Littafin Ƙirgen Tasowa

Lahadi, 5 ga Janairu 2025

Jiya da daddare, ana tsakar muku-mukun sanyin nan na Kano da ya sa maigadin layinmu kwana gaban wuta, ni kuwa sai na farka sharkaf da gumi. Na yaye bargo, na buɗe taga. Malam ya ɗago kai ya ce, "Lafiya kuwa? Zazzaɓin ne ya dawo?" Ba zazzaɓi ba ne. Sau biyu ina shan maganin maleriya a kan wannan abin tun watan Oktoba, duk a banza.

Shekarata 47, lissafi nake koyarwa a makarantar 'yan mata, 'ya'yana biyar. Kusan shekara guda ke nan al'adata ta rikice: wani watan ta zo bayan kwana 22, wani watan a yi kwana 40 babu labarinta. Barcina ya koma na zomo. Abu kaɗan sai in hau faɗa, daga baya in ji kunyar kaina. Ga kuma wannan zafin da yake tasowa daga ƙirji, ya hau wuya, ya mamaye fuska, ya yi minti biyu ko uku sannan ya sake ni da gumi. Ni dai "tasowa" na raɗa masa.

Iyayenmu ba su ba mu labarin wannan zango ba. Abin da muka taso muna ji kawai shi ne "jini ya ɗauke mata", kamar fitila ce ake hurewa dare ɗaya. Ashe kafin nan akwai shekaru, galibi wajen huɗu, wasu matan har takwas, da istirojin, sinadarin jikin mace mai tafiyar da al'ada, yake fita babu tsari, yau ya yi sama gobe ya faɗo. Ba a cewa al'ada ta ɗauke sai an cika wata 12 cur ba a ga ko ɗigo ba, kuma yawancin mata tsakanin shekara 45 da 55 suke isa wurin.

Tun da na yi suɓutar baki a gidan suna makon jiya, magani yake shigo mini ta ko'ina. Yaya ta aiko da hulba cikin gwangwanin madara. Maƙwabciyata ta ce zogale. Wata a ɗakin malamai ta ce kanumfari da citta. In na haɗa su duka na sha na ji sauƙi, ban san wadda zan yi wa godiya ba, in kuma cikina ya ɓaci ban san wadda zan kama ba. Shi ya sa na sayi wannan littafin. Mako biyun farko ba zan sha komai ba, ƙirge kawai zan yi, kowace tasowa in ja mata sanda ɗaya. Bayan nan abu ɗaya a lokaci ɗaya, kowanne mako uku.

Asabar, 18 ga Janairu

Sanda 81 a kwana 13, wato shida da ɗoriya a rana. Biyu ko uku daga ciki da daddare ne, su ne masu cinye mini barci. Na lura tana son zuwa bayan shayin ƙarfe goma na ɗakin malamai, da duk ranar da na ci ɗanwake na zabga masa yaji, da kuma in aka ce shugabar makaranta tana nemana.

Akwai wani abu da ban san a wane shafi zan rubuta shi ba. A cikin wannan sanyin, ni ce nake buɗe firji in ɓalli ƙanƙara ina taunawa ƙurus-ƙurus kamar gyaɗa. Yara har sun fara yi mini dariya.

Gobe zan fara hulba, ƙaramin cokali ɗaya a tafasa, safe da yamma.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Kwana 20 a kan hulba. Ƙirge ya sauko zuwa biyar a rana. Cin abinci ya ƙaru, haka ma ƙugun siket ɗina ya shaida. Babban abin da ya dame ni wari ne. Duk wanda ya taɓa shan hulba ya san a gumi take fita, ni kuwa ga ni mai sana'ar gumi. Hijabina, matashina, har kujerar falo. Babbar 'yata ta ce, "Umma, wallahi tun daga zaure ake sanin kina gida."

Daga shida zuwa biyar ragi ne na ɗaya bisa shida. A gwaje-gwajen da ake yi wa masu wannan zafin, matan da aka ba ƙwayar banza, wadda babu magani a cikinta, su ma sukan ce abin ya ragu musu da kwata ko ma fiye, don sa rai kaɗai yana aiki a jikin mutum. To ragin da na samu bai ma kai na ƙwayar banza ba. Na ajiye ta.

Yaya ba ta ji daɗi ba. Ta ce, "Ke dai boko ya yi miki yawa, magani ma sai kin yi masa jarrabawa." Na ce, "Yaya, ba ƙi na yi ba, ƙirgawa na yi." Na kuma roƙe ta ta gaya wa likitanta ita ma tana sha, tunda tana kan ƙwayoyin ciwon suga, hulba kuwa tana sauke suga. Ta ce ta ji. Na san irin wannan "na ji" ɗin.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Awara ce a kan layi tun 10 ga wata. Waken suya yana ɗauke da wani sinadari da ake kira isofilabon, wanda ya yi kama da istirojin sai dai ƙarfinsa bai taka kara ya karya ba. Wani abin mamaki shi ne amfaninsa ya danganta da ƙwayoyin halittar da ke hanjin mutum: wasu hanjinsu yana juya shi zuwa wani sinadari mafi ƙarfi, wasu ba ya juyawa. A Japan da Koriya kusan rabin mutane suna juyawa, a cikin Turawa kuwa ɗaya cikin uku ko huɗu. Kuma ba ya aiki da gaggawa, sai an ɗauki watanni, don haka dokata ta mako uku ba za ta yi masa adalci ba.

Da kaina nake yi, in jiƙa wake da daddare, a kai markaɗe, in tace in ɗora a wuta in zuba ruwan tsami. Matsalar ita ce awara ba ta daɗi sai da yaji, yaji kuwa abokin tasowa ne. Sai na koma yanka ta cikin miya ko in ci da kabeji da albasa. Ƙirge yana nan biyar.

Na shiga wani kantin magungunan gargajiya neman zuma, mai shagon ya ji abin da nake faɗa wa ƙawata, ya miƙo wata kwalba. "Hajiya, wannan ki gwada, na mata ne, kuma da lambar NAFDAC." Na juya bayanta: sanyi, basir, taifod, rashin haihuwa, ciwon baya, duk ita kaɗai. Lambar tana ƙarewa da harafin L. Irin wannan lambar tana nufin an duba ba a ga cutarwa ba aka ba da izinin sayarwa, ba wai an tabbatar yana warkar da abin da aka lissafa ba, kuma a ƙasan takardar ma an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Ba a kuma faɗi ko ganye ɗaya da ke ciki ba. Na sayi zumata na fito.

Jibi za a rufe makarantu saboda azumi.

Talata, 18 ga Maris

Yau 18 ga Ramadan, kuma tun ranar 6 ga wata jini ya zo bai tsaya ba. Ban taɓa ganin irinsa ba. Kwana uku na farko duk awa ɗaya ko biyu sai na canza ƙunzugu, ga gudaji-gudaji.

Da ya wuce kwana bakwai da na saba, na kira Malamarmu ta Islamiyya. Ta ce a mazhabar Malikiyya mace mai sananniyar al'ada tana ƙara kwana uku a kan mafi tsawon kwanakinta, matuƙar ba za a wuce 15 ba, abin da ya biyo baya jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi salla ta yi azumi. Nawa ya kama goma ke nan. Ranar 16 ga wata na yi wanka na ɗauki azumi. Yau kafin la'asar na miƙe daga kan dadduma sai ɗakin ya juya, na dafa bango, zuciyata tana bugawa kamar ana kiɗan ƙwarya. Malam da kansa ya miƙo mini ruwa ya ce, "Karya shi. Jibi asibiti, ba shawara nake ba ki ba."

Ban ja sanda ko ɗaya a littafin nan ba tun makon jiya. Tasowa ta zama ƙaramar damuwa.

Alhamis, 20 ga Maris

Tun ƙarfe bakwai muke layi, sai wajen azahar na ga likita, wata yarinya da ba za ta girmi ɗiyata ta fari da yawa ba. Ta ja fatar idona ƙasa, ta dubi tafin hannuna, sai ta ce, "Mama, kina cin ƙanƙara ko farar ƙasa?" Na saki baki. Ban gaya mata ba, ban gaya wa kowa a asibitin ba. Ta ce kwaɗayin ƙanƙara sananniyar alama ce ta ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini.

Gwajin yawan jini ya fito: ma'aunin da ake kira PCV 27, himogulobin 9. Ma'aunin himogulobin na Hukumar Lafiya ta Duniya ga macen da ba ta da ciki 12 ne, ƙasa da haka ƙarancin jini ne. Aka yi gwajin ciki, babu. Aka yi hoton mahaifa, aka ga ɗan ƙaramin ƙari irin wanda ake kira faiburoid, aka auna kaurin bangon mahaifar aka ce babu abin tsoro a yanzu. Ta ce duk macen da ta haura 45 ta ga jini mai yawa haka, ko mai tsawo, ko a tsakanin al'ada da al'ada, dubawa ake yi tukuna, domin ba kowane jini ne na shekaru ba.

Na zazzage mata jakata a kan tebur: ragowar hulba, zuma, garin zogale. Ba ta yi mini dariya ba, Allah ya yi mata albarka. Ta ce zogale abinci ne mai kyau, in ci gaba da ci, amma wanda jininsa ya sauka haka ganye ba zai cike masa gurbi da wuri ba. Ta rubuta mini ƙwayar feros salfet, mai miligiram 200 wadda ƙarfen da ke cikinta 65 ne, da wata mai suna taranekzamik da zan riƙa sha a kwanakin da jini ya yi yawa kaɗai. Sharaɗin ƙwayar ƙarin jini: kada in haɗa ta da shayi ko nono, don suna hana hanji tsotse ta, in sha da lemo in da hali. Azumi kuma in dakata kwana biyu.

A hanyar gida na yi ta tunanin gajiyar nan da na yi wata shida ina ɗora wa shekaru, da hakin da nake yi in na hau benen makaranta, da bugun zuciya. Na zauna ina ƙirga zafi da sanda, ashe jini ne yake tsiyayewa ta wani gefen.

Litinin, 14 ga Afrilu

An koma makaranta. Gwajina ya lalace, gara in faɗa. Yanzu ga ƙwayar ƙarin jini, ga awara, ga shayin safe da na bari, abu uku a lokaci ɗaya, ga kuma bazara ta shigo da ƙarfinta. Zafi ya haura maki 40, wuta kuwa sai a yi kwana biyu ba a kawo ba. Kowa a gidan gumi yake yi. Dabarar da nake bambance su ita ce, zafin gari daga waje yake dukan mutum kuma ba ya tafiya, tasowa daga ciki take farawa da ɗan faɗuwar gaba, in ta wuce kuma sai in ji ɗari-ɗari ko da rana tsaka. Da wannan ma'aunin, bakwai a rana.

Ƙwayar ta mai da bayan gida baƙi, an riga an gaya mini, amma taurin ciki ya wahalar da ni. Likita ta ce in koma yau a sha gobe a huta. Da gwanda da miyar kuɓewa da ruwa mai yawa abin ya daidaita.

Zoɓo mai sanyi nake sha da yamma, suga kaɗan. Ba na saka shi a lissafin magani, daɗinsa nake ji. Yana ɗan sauke hawan jini, don haka mai shan ƙwayoyin hawan jini ta sanar da likitanta in tana yawan sha.

Asabar, 10 ga Mayu

PCV ya hau 32.

Ƙawata da 'yarta ke aikin jinya a Ingila ta kawo mini tsaraba, kwalba mai kyan gani an rubuta Black Cohosh a jikinta. Saiwar wani tsiro ce ta Amurka ta Arewa, ita ce Turawa suka fi sha a kan wannan zafin. Na tafi da ita wajen likita. Ta ce a 2012 masu bitar bincike na Cochrane sun tattara gwaji 16 da aka yi wa mata sama da 2,000, ba su sami gamsasshiyar hujjar cewa ta fi ƙwayar banza ba. A Ingila kuma tun 2006 ake rubuta gargaɗin ciwon hanta a jikin kwalayenta. Ta ƙara da cewa ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ta Arewa, a matsayar da ta fitar a 2023, ba ta ba da shawarar ganyayyaki ko ƙwayoyin waken suya don maganin zafin ba. Na ce to har awarata? Ta yi murmushi ta ce, "Mama, awara abinci ce, ki ci abinki." Game da kwalbar ta ce ba ta rubuta mini ba, ba ta kuma hana ni ba, amma sai an gwada hantata tukuna, tunda ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasar nan kuma da yawa ba su san suna da shi ba. In na fara kuma na ga idona ya yi rawaya ko fitsari ya yi duhu, in jefar da ita in zo.

Maganar da ta fi ɗaukar mu lokaci ta ƙashi ce. Istirojin yana riƙe ƙashi, in ya janye ƙashi yakan fara zaizayewa a hankali ba tare da ciwo ba, sai ranar da tsohuwa ta zame a banɗaki ƙugu ya karye. Mace tana buƙatar kalsiyam miligiram 1,000 a rana har shekara 50, bayan nan 1,200. Kofi ɗaya na kindirmo yana ba da wajen 300. Sauran a samo a riɗi, zogale, kuka, da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu. Sai bitamin D, wanda fata take haɗawa in rana ta taɓa ta. Na yi dariya na ce a Kano kuma a rasa rana? Sai na tuna daga ɗaki sai hijabi, sai adaidaita sahu, sai aji. Yanzu ni nake shanya da hantsi a tsakar gida ranakun Asabar da Lahadi, na sallami yara daga wannan aikin. Fura da nono kuma na mai da ita dare, nesa da ƙwayar ƙarin jini.

Lahadi, 8 ga Yuni

Shekaranjiya aka yi Babbar Salla. Hantar ragon bana ba a yi rabonta ba, Malam ya ce ta mai ƙarancin jini ce, yara suka yi ta ƙunƙuni. Sai yau na lura na yi wajen mako uku ban taɓa ƙanƙara ba. Ba hana kaina na yi ba, sha'awar ce ta tafi. Bene ma ina hawa ina magana.

Mun je gaida Goggo, na yi ƙarfin hali na tambaye ta yadda nata ya kasance. Ta yi shiru, sannan ta ce, "'Yar nan, mu wa zai tambaye mu? Sai dai ki ga mace da mafici a hannu ko da hunturu, ta bar ɗaki ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a ce ta fara hali." Ta ce akwai kishiyarta da aka yi ta kai wa wajen masu ruƙiyya a kan faɗuwar gaba da rashin barci, ita kuwa yanzu da take tunani, shekarunsu ɗaya, kuma abin da yake damun su ɗaya ne. Nata ya kai shekara bakwai kafin ya sake ta. Wannan lissafin bai yi mini daɗi ba.

Gwajin hanta lafiya lau. Ranar 15 zan buɗe kwalbar Ingila.

Laraba, 23 ga Yuli

PCV 37. Likita ta ce kada in yi murna in ajiye ƙwayar, in ƙara wata uku don rumbun jiki ya cika.

Kwalbar Ingila: kwana 38, ƙirge huɗu a rana. Da ban riƙe littafi ba da na rantse ita ce ta yi aiki, don daga bakwai a rana a watan Afrilu zuwa huɗu ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma da na koma shafin makon da ya gabaci fara ta, sanda 31 na gani a kwana bakwai, huɗu da ɗoriya ke nan. Damina ce ta sauka, gari ya yi sanyi, ni kuma jinina ya dawo. Abin da saiwar ta ƙara mini ɗan ciwon kai ne da safe. Ta ƙare, ba zan aika a sayo wata ba. Ƙawata na ce mata na gode, ban yi mata lissafi ba.

Abin da na san ya gyara mini dare ba a kwalba yake ba. Na daina shayi bayan magariba. Na bar rigunan barcin nan masu santsi na koma ɗaura tsohuwar atamfa da ta sha wanki, ina ajiye wata a gefen gado da kofin ruwa. Bayan sallar asuba ni da maƙwabciyata muna zagaya unguwa na rabin awa. Yanzu sau ɗaya nake farkawa, wani daren ma ko sau ɗaya.

An tambaye ni ina habbatus sauda a lissafina. Ita tun ina budurwa nake shan ta da zuma saboda hadisin da ya zo a kanta, ban fara don wannan ba, ban kuma daina ba, don haka ba ta cikin gwaji.

Asabar, 13 ga Satumba

Kwana 71 al'ada ba ta zo ba. A kwana na 50 tsoro ya kama ni, don an sha gaya mini mace tana iya ɗaukar ciki a wannan zango tunda ƙwai bai daina fita gaba ɗaya ba. Na hau adaidaita na tafi kemis ɗin wata unguwa mai nisa, inda babu wanda ya san ni, na sayi tsinken gwaji ina sunkuyar da kai kamar amarya, ni da nake shirin aurar da 'ya. Layi ɗaya ya fito. Likita ta ce wadda jininta ya ɗauke kafin shekara 50 ana so ta ci gaba da kiyayewa har shekara biyu bayan na ƙarshe, wadda ta haura 50 kuma shekara ɗaya.

A cikin waɗannan kwanakin tasowa ta hau takwas a rana, duk da awara, duk da tafiyar asuba, duk da ruwan sama. Ranar Talatar makon jiya jinin ya dawo, kwana biyar, na sha taranekzamik kwana uku, bai yi yawa ba. Ƙirgen wata 12 ya koma farko. Tasowa kuma ta sauko biyar da kanta.

Mun fara maganar maganin mayar da sinadarin istirojin. Na gaya mata na ji ana cewa yana kawo kansar mama. Ta ce tsoron ya samo asali ne daga wani babban bincike na Amurka da aka dakatar da wani sashensa a 2002, wanda yawancin matan cikinsa sun haura 60. Fahimtar likitoci a yanzu ita ce macen da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara goma da ɗaukewar al'ada ba, kuma ba ta da tarihin kansar mama ko daskarewar jini, galibi amfaninsa ya fi haɗarinsa, kuma babu abin da ya kai shi rage zafin. Mai mahaifa dole a haɗa mata da furojestaron don kare bangon mahaifar. Ta ba ni zuwa tsakiyar Oktoba in yi tunani, in kuma binciko tarihin danginmu. Akwai ƙanwar mahaifiyata da ta rasu ina ƙarama, abin da aka ce mana kawai "ciwon daji". Sai na koma wajen Goggo na ji a ina dajin ya fito mata.

Azumi 19 ake bi na, na rama 11, sauran takwas na bar wa hunturu. Gwangwanin hulba na aika wa surukar maƙwabciyata da ta haihu ranar Laraba. Littafin nan saura shafi uku, na ce wa auta ya sayo mini wani in ya taso daga makaranta ranar Litinin, mai layin lissafi.